Ɗaukar ejen ba sai wuta ta kama ba

Ni dai a ganina yawancin ogogin harkar gidaje da filaye a nan Legas ba sa tuna neman ejen, wato dillalin da zai samo musu masu saye, sai an buɗe sabon estet a Epe ko Ibeju-Lekki, nan take sai ka ga sanarwa a sitatus wai ana neman matasa masu kuzari, a tara yara cike da ofis rana ɗaya a raba musu takardun talla, shi kenan an ɗauki ma'aikata. Bayan wata biyu leƙa gurup ɗin WhatsApp ɗin, ba kowa sai masu tura Juma'at Mubarak.

To ina laifin yaran? Yaro ya taso daga Agege da kuɗin motarsa, ya sha cunkoso har Ajah, kwastoma ya tambaye shi filin nan C of O gare shi, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ko gazet kawai, wato sanarwar gwamnati cewa ta sakar wa mutanen gari filin, ya tsaya yana sosa ƙeya don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambancin, balle a gaya masa yadda ake da omo onile, masu cewa filin na kakanninsu ne sai an biya su, idan sun tare hanya. Alhajin da ya zo da kuɗinsa daga Mile 12 wallahi ba zai sake ɗaga wayar yaron nan ba, kuma sunanka ne kai oga ya ɓaci ba na yaron ba.

Gara ka ɗau mutum biyu duk wata, ko kasuwa na ci ko ba ta ci. Ka ware rana guda a sati ta neman mutane kawai, ka kira, ka zauna da su ku sha shayi. Sabo ya bi tsoho zuwa duba fili ranar Asabar kamar sau huɗu kafin a sake shi shi kaɗai, a kuma yi masa maganar rajista da LASRERA, hukumar kula da harkar gidaje da filaye ta jihar Legas, tun farko, tunda dokar da gwamna Sanwo-Olu ya sa wa hannu a 2022 ta ce sai da rajista za a yi wannan sana'a a jihar.

Kuma mutanen suna nan kusa, mu ne ba ma dubawa. Maigadi a Lekki ya riga kowa sanin gidan da ɗan haya zai tashi. Hajiya mai sayar da atamfa ta waya, kwastomominta sun fi na wani ofishin yawa.

Sai maganar kamasho, nan ne ake ɓata komai. Ka rubuta kaso nawa ne da ranar biya tun kafin ciniki ya faɗa, don ejen ɗaya ka ja wa rai da "zo gobe", labari ya gama majalisar Idi-Araba kafin isha'i, wata mai zuwa ko ka kira ba mai zuwa.