Abin da takarda ta ɓoye, kyamara ta tona

Wanda duk ya karanta rubutaccen labarin fim mai wasa da ƙwaƙwalwa, sannan ya kalli fim ɗin bayan tacewa, wato yankawa da haɗa hotunansa, ransa zai ɓaci. A ƙa'ida shafi ɗaya na labari minti ɗaya ne na fim, amma sai a ja kuka da tafiyar mota har labarin ya saki.

Babbar asara a sauti take. Misali, marubuci ya ce wata mata tana jin takun sawu a soro cikin dare, ba a san ko gaske ne ko tunaninta ne ba. A nan Gombe kuwa ana ɗaukar fim janareta na ruri bayan katanga, babura na wucewa, dole mai tacewa ya goge sautin ya ɗora kiɗa. Takun ya ɓace, tsoron ya bi shi. Maganinsa sauƙi: a kashe janareta, kowa ya yi shiru, a naɗi sautin ɗakin na minti ɗaya, a naɗi takun daban.

Sai kyamara. Sirrin mijin matar yana shafi na 80, amma tun minti 20 darakta ya matso da kyamara kan murmushinsa, kowa ya gano shi.