Ature: me ake nufi da shi, kuma yaushe ake faɗinsa

Ature shi ne taron mutane, galibi yara, su bi mutum ɗaya a kan hanya suna yi masa ihu, suna watsa masa ƙasa ko jifansa da tsakuwa don su wulaƙanta shi. Sai an samu taro, a bainar jama'a, kuma ana bin mutum a baya, sannan abin ya amsa wannan suna.

Kalmar suna ce, ba aikatau ba. Ana cewa "sun yi masa ature" ko "ya sha ature", ba a cewa "sun ature shi". A rubutu kuma haɗe take. Idan aka raba ta aka rubuta "a ture", an koma umarnin a tunkuɗe abu, ma'ana ta sauya gaba ɗaya.

Inda aka fi rikicewa shi ne tsakanin kalmar ature da kalmomin da ke maƙwabtaka da ita a ma'ana. Eho murya ce kawai, ana iya yin sa daga inda ake zaune ba tare da an bi kowa ba. Shewa an fi saninta ga mata, dariya ce mai ƙarfi da tafi, kuma ana yin ta don murna kamar yadda ake yin ta don ba'a. Zunɗe a ɓoye ake yi, da baki, bayan mutum ya juya. Saurayi ɗaya da ya tare budurwa yana yi mata fito ko maganar banza, tsokana ce da cin zarafi, ba ature ba, ko da ya bi ta har ƙofar gida. Amma idan majalisar samari ta tashi ta bi ta da ihu saboda shigar da ta yi, to nan kalmar ta zauna daidai.

Waɗanda aka fi yi wa su ne mai taɓin hankali, wanda ya bugu, ɓarawon da aka kama, da baƙon da kamanninsa suka bambanta. Duk mutane ne da ake ganin ba su da mai tsaya musu, kuma wannan ne ya sa abin ya fi muni. Malamai kan yi amfani da kalmar idan suna ba da tarihin zuwan Annabi (SAW) Ɗa'ifa, inda aka tura yara da wawaye suka bi shi da jifa har ƙafafunsa suka yi jini. A yau kuma ta shiga bakin 'yan jarida: ɗan siyasa ya je mazaɓarsa, matasa sun tarbe shi da "ba ma yi", sai a ce an yi masa ature ko da ba a ɗaga dutse ba.

Yadda yake farawa kusan ɗaya ne ko'ina. Yaro ɗaya ya jefa laƙabi, biyu su amsa, a mayar da shi waƙa da tafi. Daga nan sai ƙasa, daga ƙasa sai dutse. Wanda ake bi idan ya juya ya kai musu kora, sai su watse su sake taruwa fiye da da, domin abin da suke nema ke nan. Babban da ya tsaya yana dariya kuwa, izini ya ba su.

Tsawa daga nesa ba ta cika hana shi ba. Abin da ke aiki shi ne babba ya je ya tsaya kusa da wanda ake bi, ya kira jagoran yaran da sunansa ko sunan mahaifinsa, sannan ya shigar da mutumin wani zaure ko shago har taron ya watse. A yi haka tun ana matakin waƙa. Da zarar wani ya ce "ɓarawo" ko "maye", manya ne ke shigowa da sanduna, kuma a lokacin sai dai a kira mai unguwa ko 'yan sanda cikin gaggawa.