Laraba: rigar Kawu

Mun ɗauka! Bari in fara da wannan tun kafin abin da ke cina ya danne shi. Fim ɗin makaranta da na ishe ku da zancensa tun farkon zango, na Kawuna masunci, yau ya shiga kamara. Da idona na ga Kawu a ɗan allon nan yana magana, muryarsa tana fita tar a abin kunnen Sadiya. Alhamdu lillahi.

A Argungu muka kwana, gidan Inna, ni da 'yan ƙungiyarmu Nafi'u da Sadiya da Abba. Tun kafin kiran assalatu ta dama mana kunu, tana faɗan wai za mu kashe kanmu da sanyi a kan aikin makaranta. Batura a wurin mai cajin waya na bakin kasuwa suka kwana, don tun la'asar ɗin jiya aka ɗauke wuta. Kamarar aro ce daga sashenmu, ita da ƙafarta, da sharaɗin a mayar ranar Juma'a kafin a tafi masallaci.

Ba Matan Fada muka je ba. Kawu ya ce wancan ruwan na gasa ne, ana killace shi har sai lokacin bikin kamun kifi, don haka muka gangara inda suke yin su na yau da kullum. Dama abin da nake so ke nan. Duk wanda ya ɗaga kamara ya nufo Argungu biki yake zuwa ɗauka, balle tun da UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ni kuwa sauran kwanakin shekara nake nema, waɗanda ba ganga, ba gwamna, ba kyautar mota, sai mutum da ruwa da abin da za a sa a tukunya. Minti 7 kawai Malam ya ba kowace ƙungiya.

Hazo ya yi mana rana. Ya tausasa haske har ba mu sha wahalar inuwa a fuska ba, ɗan abin da ya rage Abba ya cike shi da farin kwali da muka liƙa wa takardar azurfa. Iska ce ta so ta ɓata mana sauti, sai Sadiya ta cire safar ƙaninta daga jaka ta sa wa makirfo, huhuwar ta kwanta. Muna ta dariya, muna ɗaukar kwale-kwale da tsuntsaye kafin mai gayya ya iso.

Sai ga Kawu.

Babbar riga ya sako, shuɗiyar shaddar nan tasa ta Sallah, har karin guga bai saki ba. Hula a karkace kaɗan yadda yake sa ta, turare yana riga shi isowa. Jikansa na biye da shi ɗauke da homa biyu a kafaɗa da ƙaton gora a ka. Ni dai daɗi ne ya fara kama ni, don na san Kawu ba ya fito da rigar nan sai ranar da ya ɗauka da girma. Nafi'u kuwa ya ja ni gefe ya ce, a hankali, "Wannan ai ba masunci ba ne, kansila ne. Wa zai yarda?" Kafin in haɗa amsa ya riga ya ƙarasa wurinsa, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ban ƙwace masa wannan ba, sannan ya ce, "Baba, da za ku taimaka ku sa rigar da kuke aiki da ita, ko da ta tsufa. Ita ce za ta fi fitowa da kyau."

Kawu bai dube shi ba, ni ya duba.

"Ɗan nan, kai ka aiko shi?"

Na ce a'a Kawu, shawara ce ya kawo, ku ne da hukunci.

Ya gyara zama a kan kifaffen jirgin da muka tanadar masa, ya tattara hannun riga bisa kafaɗa. Ya ce tun yana saurayi yake shiga ruwan gasa, kuma masu hoto sun ɗauke shi ba adadi, Turawa da 'yan ƙasa. "Kullum cikin taɓo, ba riga, baki buɗe ina ihu. Ba wanda yat taɓa tambaya ta sunana. Yau ɗan ƙanwata za shi ɗauke ni, kuma a ce in hito da tsumma?" Ya ce ɗiyarsa tana aure a Kamba, surukansa za su gani a waya, jikokinsa za su gani bayan ransa. Sannan ya faɗi maganar da tun safe take yawo a kaina: "In ruwa za ni shiga, ai ba mahaukaci nike ba, sai in tuɓe. Amma in magana za ni yi, da riga nika magana."

Wurin ya yi tsit. Nafi'u ya ce to Baba, Allah Ya huci zuciyarku, ya koma bayan kamara.

Kuma wallahi hirar ta yi kyau. Ban taɓa jin Kawu ya yi doguwar magana haka ba, ni da na tashi ina bin sa bakin gulbi duk hutu. Ya nuna mana yadda ake riƙe homa, ɗaya a kowane hannu, a buɗe su kamar fukafukan tsuntsu, a nutsa, a haɗe bakinsu a ƙarƙashin ruwa. Ya kwanta da ƙirji a kan gora a nan bisa yashi, da rigar da komai, don ya nuna yadda yake ɗaukar mutum a ruwa mai zurfi, ya kuma zura hannu ta bakinsa ya nuna inda ake jefa kifin da aka kama. Ya ba da labarin da ya ji daga manya na zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, lokacin Sarki Sama, bayan doguwar gabar da aka yi tsakanin Kabi da Sakkwato, da yadda aka sa masunta suka shiga ruwa don karrama baƙo, abin da ya zama tushen bikin. Da na tambaye shi shekarun da aka yi ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020, sai ya ce su ai ba su daina su ba, 'yan kallo ne suka daina zuwa. Abin da ya fi damunsa daban ne: masu sa raga mai ƙananan idanu suna kwashe har 'ya'yan kifi, giwan ruwa ta yi wuyar gani, samari kuma sun koma noman rani a fadama saboda shinkafa ta fi kawo kuɗi. Bai zarge su ba. Ya ce nasa ɗan ma can yake.

Nafi'u ya yi aikinsa tsakani da Allah. Bai tsallaka layin da muka ja tsakanina da Kawu ba, don kada idonsa ya riƙa juyawa hagu da dama in an zo haɗawa. Ya matso ya ɗauki hannuwansa yana ɗinke inda raga ta yage, yatsun duk sun tsage, farcen babban yatsa ya rabe biyu, ga aikin zaren wuyan riga yana sheƙi a bayansu. Daga nan aka shiga ruwa. Tarwaɗa da 'yan ƙarfasa aka samu, ba yawa.

Farfesun Inna da tuwon shinkafa. Sadiya ta yi ƙari.

A mota muna komawa Birnin Kebbi ne aka tayar da zancen. Nafi'u ya ce Malam da bakinsa ya faɗa a aji cewa fim na gaskiya ba a shirya shi, mu kuwa mun bar mutum ya yi kwalliya ya zauna. Na ce masa to in da mun sa ya koma gida ya sako yagaggiyar riga ya zauna a kan jirgin nan, wa ya shirya wannan? Mu ne fa. Rigar nan ba haya ya yi ba, tasa ce, da kuɗin kifi ya ɗinka ta. Da ita yake zuwa Juma'a, da ita yake zuwa gidan Sarkin Ruwa in akwai magana, da ita ya ba da auren 'yarsa. Me ya sa ita ce ƙarya, tsumman ne gaskiya? Mun saba ne kawai da ganin masunci a hoto ɗaya, har in ya fito a wani sai mu ce ba shi ba ne.

Sai ya ce min, "Ka ji, ni ba ƙin Baba nake ba. Amma wahala ce ke cin gasa. Wanda zai ba da maki, da wanda zai zaɓi fim a kai shi wani wuri, hoton wahala yake so ya gani." Direba ma ya sa baki ya ce gaskiya ne. Wannan ta ƙona min rai, kuma abin da ya sa ta ƙona ni shi ne na san ba daga kansa ya ƙago ta ba. Ku duba hotunan arewa da ke yawo a intanet ku gani, almajiri da kwano, mace da tulu, tsoho da tsumma. Ba na cewa babu su. Amma in mu 'ya'yan wurin, da muka samu kamara a hannu, muka koma muna neman irin hoton da baƙo ke nema, to ban ga amfanin karatun da muke yi ba. Na faɗa masa haka. Muka yi shiru har tasha.

Da a nan abin ya tsaya da yanzu na yi barci.

Bayan isha'i muka haɗu a ɗakin Abba muna kwashe abin da ke katin zuwa kwamfuta, muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Sai muka faɗo kan wani yanki da ba ya cikin takardar shirinmu. Ashe da aka gama hira kamarar ba ta tsaya ba, Nafi'u ya ce ya zaci ya kashe ta. Kawu ya juya mata baya. Ya cire hula ya miƙa wa jikansa. Ya zare rigar ta ka, ya kakkaɓe yashin da ta kwasa, ya ninke hannuwanta ciki, ya sake ninkewa, ya ɗora a kan jirgin, ya sa takalminsa a kai don kada iska ta ɗauke. Ya rage daga shi sai singileti mai huji a kafaɗa da gajeren wando. Bayansa ya rame fiye da yadda na sani, ana iya ƙirga haƙarƙari. Da zai sunkuya ya ɗauki homa sai ya dafa gwiwa, ya ɗan tsaya, ana jin bisimillarsa ƙasa-ƙasa, sannan ya miƙe ya taka ruwa. Bai kai minti 1 ba.

Ba zan ɓoye muku ba, babu abin da muka ɗauka yau da ya kama ƙafarsa. Duk abin da nake son fim ɗin ya faɗa yana ciki, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Nafi'u ya buga tebur ya ce ga farkon fim nan, an gama. Abba ya yarda. Sadiya ce ta cire abin kunne ta ce, "Ya san ana ɗauka?"

Bai sani ba. Shi ya sa ma ya juya baya, don a ganinsa an gama da shi, sauran na shi da jikansa ne.

Nafi'u ya zaro takardar amincewa ya nuna min inda Kawu ya rubuta sunansa da ajami, a ƙarƙashin layin da ya ce an yarda mu yi amfani da duk abin da muka ɗauka a ranar. Haka ne, a takarda mun fita. Amma ni na karanta masa ita da Hausa a zauren gidansa, kuma na san abin da ya fahimta ya sa hannu a kai: hira da shiga ruwa. Mutumin da ya ce da riga yake magana bai ba ni izinin in buɗe fim da haƙarƙarinsa ba. Kuma ba baƙo ba ne da zan ɗauka in tafi. Wan mahaifiyata ne. Ranar da aka tura wa 'yarsa a Kamba, ni za a nuna a ce shi ya yi.

Wani sashe na zuciyata yana cewa in ya gani zai so shi, don babu wulaƙanci a ciki ko kaɗan, yadda ya ninke rigar nan ma kaɗai ya isa a san wane ne shi. Wani sashen yana cewa son fim ɗin ne ke raɗa min haka. Nafi'u ya ce in na nuna masa zai hana, kuma makin ba nawa ba ne ni kaɗai, na mutum 4 ne, shi ma yana da tasa gaskiyar a nan. Sadiya ta ce ita dai ba za ta gyara sautinsa ba sai mai shi ya ji.

Ban goge ba, ban kuma sa shi cikin abin da za a haɗa ba. Na ware shi daban, na sa a wayata. Ranar Asabar zan koma Argungu in same shi bayan la'asar, lokacin da yake zama ƙofar gida yana gyaran raga, in miƙa masa ya kalla shi kaɗai, ba Inna, ba jama'a. Ba zan yi masa daɗin baki ba, ba zan ce masa maki ya dogara da shi ba, don na san saboda ni zai iya cewa to alhali ransa bai so. In ya ce a'a, za mu buɗe da hannuwansa a kan raga.

Har yanzu fim ba shi da suna. Kuɗin motar Asabar ma sai na nemo.

Na tura wa Nafi'u saƙo ya fara yanka hirar gobe, ya bar farkon a buɗe har in dawo. Ya karanta, bai ba ni amsa ba.