Daren da Na Buɗe Makarantata a Intanet, Ta Faɗi Kafin Ƙarfe Tara

Shekara huɗu na yi ina koyar da yaran shago lissafin kasuwanci da Excel a wani ɗaki da ke bayan Kantin Kwari. Wani ɗalibina da maigidansa ya mayar reshen Kaduna ne ya kira ni wata rana ya ce, "Malam, ba yadda za a yi ku ɗauka a bidiyo ku turo mana?" Na fara turawa ta WhatsApp. Ba a yi wata biyu ba sai ga darasina na uku ya dawo mini daga wani ɗan'uwa a Maraɗi, wai in saurari malamin nan, ya iya bayani. Dariya na yi, amma a daren ban yi barcin kirki ba.

Da na shiga neman inda zan riƙa sayar da darussan, na fara leƙa Udemy, kasuwar sayar da darussa ta intanet. Tsarinsu a fili yake: in ɗalibi ya same ka ta kasuwarsu, kashi 37 cikin ɗari ne naka, in kai ka kawo shi da lambar tallarka, kashi 97. To ni ɗalibaina ba a wannan kasuwar suke yawo ba, ni zan je in kawo su ɗaya bayan ɗaya. Sai na ce tunda haka ne gara in gina nawa gidan.

Na yi rajistar sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, na kama wuri mafi araha a wani kamfanin ajiye shafuka. Mako guda na yi ina gwada Moodle, manhajar koyarwa ta intanet da Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002. Tana da kyau, amma ɗinkin jami'o'i aka yi mata, ni kuwa darasi 24 gare ni, rigar ta yi mini yawa. Na koma WordPress, manhajar gina shafuka, na ɗora masa Tutor LMS na kyauta mai tsara darussa, na haɗa Paystack don karɓar kuɗi. A lokacin suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100 a kowane ciniki, ban ga abin kuka a nan ba.

Abin da ya kayar da ni bidiyo ne. Yadda na ɗauke su haka na ɗora su a kan shafin, kowane darasi na minti ashirin, wasu sun haura gigabait ɗaya. Na sanar cewa za a buɗe bayan sallar isha'i. Mutum talatin da wani abu suka shiga lokaci guda, shafin ya fara jan ƙafa, kafin ƙarfe tara ya ɗauke gaba ɗaya. Da safe na tarar da wasiƙar kamfanin, sun dakatar da ni saboda na cinye rabon maƙwabta. A ranar na gane abin da na saya. Ashe ɗaki ɗaya na kama a gidan haya mai mita ɗaya, kwamfuta guda ce ke ɗauke da shafina da na ɗaruruwan mutane, ni kuma na jona injin markaɗe. Laifina ne, a rubuce yake cikin sharuɗɗan da na danna na amince ban karanta ba.

Ko da shafin bai faɗi ba, ai da kuɗin datar ɗalibai na yi wasa. Wani yaro daga kasuwar Singa ya ce mini, "Malam, don Allah ku yi haƙuri, darasi ɗaya na kalla datar sati ta tafi." Kunya ta kama ni, don kuɗin da ya ƙona ya kusa kai rabin abin da ya biya ni.

Na zauna da HandBrake, manhajar matse bidiyo ta kyauta, na rage ingancin hotonsu zuwa 480p. Nauyi ya sauka, sai wata matsalar ta fito: lambobin da ke cikin gidajen Excel suka zama kamar tururuwa a fuskar waya. Dole na sake ɗaukar darussan gaba ɗaya, wannan karon layi biyar kawai nake nunawa, rubutun manya-manya, kowane darasi minti shida zuwa takwas. Abin mamaki, koyarwar ma ta fi ta farko kyau, don gajeren lokaci ba ya barin malami ya yi surutu. Bidiyon na kwashe su na kai Bunny Stream, wurin ajiye bidiyo a intanet, shafina ya zama ƙofa kawai da rajista. Da dala ake biyan wannan, kuma da aka sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023 na ji a jikina, kuɗin da na tsara na shekara bai kai ni wata tara ba.

Imel ma ya ba ni wahala, ta inda ban zata ba. Na ɓata kwana biyu ina saita SPF da DKIM, masu tabbatar da asalin saƙon imel, don kada saƙonnin shafin su riƙa faɗawa kwandon shara. Na gama ina jin kaina gwani, sai na gano da yawan ɗalibaina ba su taɓa buɗe imel ɗinsu ba. Mai sayar da waya ne a Farm Centre ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, shi ya san kalmar sirrin, shi ma ya manta. Yanzu duk wanda ya manta tasa kira na yake yi in canza masa da hannu. Wasu kuma har gobe ba sa yarda su sa lambar katinsu a intanet, turo kuɗi suke yi ta banki su aiko da hoton shaida, ni in buɗe musu.

Akwai ranar da takardar shaidar kammalawa ta fito da sunan wani Ɗanladi babu harafin farko, akwati ne a wurin, don salon rubutun da na zaɓa bai san ɗ da ƙ da ɓ ba. Noto Sans ya magance wannan. Akwai kuma ranar da takardar tsaron shafin ta Let's Encrypt, mai ƙarewa duk kwana 90, ta ƙi sabuntuwa saboda wani saiti da na taɓa, wayoyin ɗalibai suka riƙa nuna jan gargaɗi, har wani Alhaji ya kira yana tambaya ko 'yan damfara sun ƙwace makarantar.

Satar darasi kuwa ban hana ta ba, mai waya biyu zai ɗauki fuskar ɗaya da ɗayar. Na daina tayar da hankalina a kanta ranar da na lura cewa waɗanda ke sake biya ba don bidiyon suke biya ba, don zaman ranar Asabar ne, inda kowa ke kawo littafin shagonsu mu warware tare. Ranar Litinin bayan asuba kuma tawa ce da shafin: in ɗauki kwafin komai da UpdraftPlus in ajiye a Google Drive, sannan in sabunta manhajojin ɗaya bayan ɗaya, ina buɗe darasi na farko a tsohuwar wayar ƙanina bayan kowace, don irinta ce a hannun yawancin yaran.