Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kunnen Hagu

Assalamu alaikum masu bibiyata. A makon jiya na tsaya a daren bikin nan na unguwar Talladje a Yamai, inda na sauko daga dandamali ina ganin bakunan mutane suna motsi, amma ba na jin abin da suke faɗa. Da yawa daga cikinku kun tambaye ni ko sammu aka yi mini. Ba sammu ba ne. Amma kafin in kai ku gaban likita, sai na mai da ku Arlit, don a can abin ya samo asali.

A 1988 ina da shekara 14. Baba yana aiki a ramin haƙar yuraniyom na Akokan, kusa da Arlit, ya shiga ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi, ya fito idanu jajur. Yayana kuwa kuku ne a gidan wani Bature ɗan Faransa. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar wa Yaya kwali guda: tsofaffin takalma, rediyo mai cin kaset, da kasakasai. Ni guda ɗaya na roƙa, saboda bangonsa baƙi ne wuluk, babu hoton kowa, sai haruffa huɗu da alamar walƙiya a tsakiyarsu: AC/DC.

Bayan isha'i na saka shi. Da farko ƙararrawa ce take bugawa a hankali, sai jita ta shigo, sai ganguna, sannan wata murya ta ɓarke kamar ana yaga sabon buhu. Ban san Turanci ko kalma ɗaya ba, kuma kunnena ya saba da kalangu da gurmi, amma tsikar jikina ta tashi. Inna ta fito daga ɗaki a firgice tana salati, ta ce, "Kai, wa ake yankawa a gidan nan?" Daga ranar aka kafa mini doka, kada Baba ya ji wannan abu, musamman in ya kwana a rami yana ramuwar barci.

To ga yadda na yi. In kwanta a tabarma ta gefen dama, in ɗora rediyon a kan kunnena na hagu, in lulluɓe da bargo. Da batir ya yi sanyi in shanya shi a rana, in sake sakawa. Da zaren kaset ya tsinke na manne shi da jan farcen ƙanwata. Shekara uku ina haka, ina kwaikwayon muryar a bayan gari inda babu mai ji sai awaki.

Kun riga kun san daga kashi na 5 yadda na koma Agadas na koyi ɗinkin kujerun mota a bakin tasha. Bayan sulhun da aka sa wa hannu a watan Afrilun 1995, kiɗan jita na Abzinawa, wanda a lokacin tawaye ake sauraro a ɓoye, ya fito fili, kowane biki sai da shi. Na shiga cikin wasu samari uku, su suna kaɗawa, ni ina waƙa da Hausa da wannan yagaggiyar murya. Amfulinmu, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ɗaya ne, da batirin mota muke tashinsa, sai daga baya muka samu janareta. Ba mu da lasifikar da ke juyo wa mawaƙi da muryarsa, don haka in ina son jin kaina sai in matsa jikin babbar lasifika. Kullum tana hagu da ni, mai jita yana dama. Da Baba ya ji labari ya kira ni ya ce, "Shekara ashirin na yi ina shiga rami don kada ku roƙi kowa, kai kuma ka ɗauki makirfo." Ban ce komai ba, na dai sunkuyar da kai. Har ya rasu bai taɓa ganin wasana ba, kuma wannan yana ci mini rai har gobe.

Mu dawo Yamai, watan Afrilun 2016, tsakiyar bazara. Kwana huɗu bayan bikin, kunnen bai daina kuka ba, wani siririn fito kamar na gyare, dare da rana. Uwargida ce ta tasa ni gaba zuwa wurin likitan kunne. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin sauraro a kai, aka ba ni maɓalli, aka ce duk lokacin da na ji sauti in danna. A dama na yi ta dannawa. Da aka koma hagu sai na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa.

Likitan ya zana mini kunne a takarda. Ya ce can ciki akwai wani abu mai kama da dodon koɗi, cike da ƙananan gashi, su ne ke ɗaukar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero, in abin ya yi yawa su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ya ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 tana yin lahani in mutum ya wuni a cikinta, ta gaban lasifikar biki kuwa ta wuce haka nesa. Sai ya ce, "Malam, na hagu ya tafi da yawa. Na dama nake so mu tsare."

A daren nan ban ci tuwo ba. Babban ɗana, wanda ya san tarihin baƙin kaset, ya zo ya zauna ta damana, ya ce, "Baba, mutumin naka ma abin da ya same shi ke nan." Ya karanto mini daga wayarsa. Shekara 28 ina bin muryar nan, sai a ranar na san mai ita.

Sunansa Brian Johnson. An haife shi a 1947 a Dunston, kusa da Newcastle a arewa maso gabashin Ingila, kuma mahaifinsa ya yi aikin haƙar kwal. Ya yi waƙa da wata ƙungiya mai suna Geordie, suka ɗan yi tashe, abin ya lafa, ya koma gidan iyayensa yana sana'ar manna rufin leda a kan motoci. A nan na tsayar da yaron na ce ya maimaita. Ɗan mai shiga rami, mai gyaran jikin mota! A watan Fabrairun 1980 mawaƙin ƙungiyar AC/DC na da, Bon Scott, ya mutu a cikin mota a Landan bayan daren shan giya, yana da shekara 33. Aka kira Johnson gwaji, aka ɗauke shi yana da shekara 32, suka tafi Bahamas suka naɗi faifan da ya fito a watan Yulin shekarar. Baƙin bangon nan da ya ja hankalina ina yaro, ashe na makoki ne, kuma ƙararrawar da nake ji ta mamaci ce.

A watan Maris na 2016, wata guda kafin tawa ta same ni, likitoci suka ce masa ya daina hawa dandamali nan take ko ya kurumce gaba ɗaya. Shi da bakinsa ya ce tseren mota ba tare da toshe kunne ba ne ya fara illata shi. Ƙungiyar ta ɗauko wani mawaƙi, Axl Rose, ya ƙarasa sauran wasannin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan shekara 36, wani ne a tsaye a wurinsa yana rera waƙoƙinsa, jama'a na tafi. Daga baya ya dawo, sun fitar da faifai a 2020, ya hau dandamali a Kalifoniya a watan Oktoban 2023 yana da shekara 76, da taimakon wata na'ura ta kunne. Amma a wancan dare babu wanda ya san haka, kuma ni na san irin na'urar nan ba ta mai ɗinkin kujera ba ce.

Ga shi ranar Asabar muna da biki, na riga na karɓi kafin alƙalami jika hamsin, na biya kuɗin makarantar yara da su. Uwargida ta ce, "Maigida, a sayar da awarwarona a mayar musu da kuɗinsu." Ina cikin juya maganar sai aka yi sallama a ƙofar gida, sau uku kafin in ji. Mai jitarmu ne, kuma ba shi kaɗai ya zo ba: tare yake da wani yaro ɗan shekara ashirin da na sha gani a gaban dandamali yana bin waƙoƙina baiti-baiti.

Abin da ya kawo su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.