Na sayi babban batir, amma ɓarayi suka tarar da ƙararrawata a mace

Saura kwana uku Babbar Sallar 2024 aka haura katangar gidana a Rijiyar Zaki, aka buɗe get ta ciki, aka fita da babur ɗina da ragon layya. Ƙararrawar tsaron da na kashe wa kuɗi ko tari ba ta yi ba. Na fito zan tafi sallar asuba na tarar da get a wangale, igiyar rago a yanke. Bayan salati, abin da na fara yi shi ne komawa falo na duba allon lambobin da ke jikin bango. Baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu. Batirin ya mutu, kuma bai cika wata biyu da saye ba. Wannan ne har yau yake ci mini rai, domin na ɗauka na riga na magance matsalar batir da kuɗina.

An haɗa mini na'urar a ƙarshen daminar 2023: akwatin da ke sarrafa komai, allon lambobi, idanu shida masu jin motsin mutum a cikin ɗakuna, na haske guda biyu a kan katanga, jiniya a waje, da ɗan akwatin sim da ke turo saƙo a waya. A cikin babban akwatin akwai batir ɗin nan baƙi mai bolt 12, an rubuta 7Ah a jikinsa (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), irin wanda ake sa wa fanka mai caji. Ya yi aiki lafiya har zafin watan Afrilu ya shigo. Akwatin ƙarfe ne, kuma an kafa shi a lungun da ke kusa da kicin, inda rana ke dukan bangon tun azahar. Irin wannan batir an ƙera shi ne don yanayin da bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana rage masa rabin rayuwa. A Kano kuwa Afrilu na haura digiri 40. Da aka ciro shi ya kumbura kamar burodi.

A nan na yi kuskuren da ya ja mini asara. Na ce tunda wuta kan yi awa goma sha takwas ba ta zo ba, maganin abin shi ne babban batir. Na shiga Sabon Gari na sayo mai 18Ah, aka ajiye shi a ƙasan akwatin saboda ba zai shiga ciki ba, aka ja masa waya. Na yi lissafina a kai: idan ƙarami yana kai ni dare, wannan ai zai yi kusan kwana biyu. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma rabinsa kawai na yi. Na ƙirga abin da ke fita daga batir, ban taɓa tambayar abin da ke shiga ba.

Bayan satar, wani maƙwabcina ya haɗa ni da wani mai aikin sola, dattijo mara yawan magana. Bai fara da batir ba. Mita ya ciro ya sa a kan waya, ya cire filogi, ya nuna mini: amfiya 0.40, wato ma'aunin wutar da ke bi ta cikin wayar. Abin da na'urar ke sha ke nan tana zaune shiru, ba jiniya ba komai. Akwatin kansa 0.09, allon lambobi 0.06, idanun ciki shida 0.09, na katanga 0.08, akwatin sim 0.08. Sai ya mayar da wuta ya auna abin da cajar cikin akwatin ke tura wa batir: bai wuce rabin amfiya ba.

Ya ce, "Alhaji, awa nawa kuke samun wuta a rana?"

Na ce kamar shida, wata rana ma ba ta kai ba.

Ya ɗauki biro a bayan kwalin batir. Awa 18 babu wuta, sau 0.4, an sha 7.2Ah. Awa 6 da wuta, sau 0.5, an mayar da 3, shi ma ba duka yake zama a batir ba. Kullum ana bin batir bashin fiye da 4. Ya ce, "Ka sayi babbar randa, amma ɗan garuwa jarka ɗaya yake kawo maka. Kwana huɗu randar ta ƙare, daga nan abin da aka zuba yau shi za a sha yau."

Na tsaya ina kallon kwalin nan jikina ya yi sanyi. Idan wuta ta zo da hantsi ta ɗauke da la'asar, abin da batir ya samu ba zai wuce awa bakwai ba. Wato wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na'urar ta mutu. Ni kuwa bayan isha'i nake kunna ta, in ga koren haske, in kwanta da kwanciyar hankali. Da asuba ina danna rimot daga ɗaki ba tare da na duba allo ba. Daren da muka tayar da janareta yakan ɗan rufa asiri, shi ya sa abin bai fito fili ba. Makonni ke nan gidana ba shi da mai gadi daga tsakar dare zuwa asuba, daidai lokacin da aka sa na'urar dominsa.

Kuma na'urar ta faɗa mini. Wannan ne ɓangaren da ya fi zafi. Allon yakan yi ƙara tit-tit da dare, uwargida ta ce, "Malam, abin nan yana hana yara barci." Na danna lambar da ke kashe ƙarar. Saƙon waya kuma kullum sai ya shigo sau da yawa, an ɗauke wuta, an kawo wuta, har na gaji na sa aka rufe shi gaba ɗaya, ban san saƙon raunin batir yana cikin waɗanda aka rufe ba. Sau biyu jiniya ta tashi da tsakar dare babu kowa, 'yan sintirin unguwa suka zo suka koma. Dattijon ya ce idan ƙarfin batir ya yi ƙasa, idanun kan rikice su ga abin da babu. Ashe ihun mutuwarta ne take yi, ni kuma na ɗauka mage ce a kan katanga.

Daga baya na fahimci daga ina matsalar ta samo asali. Waɗannan akwatuna an tsara su ne don ƙasashen da ɗaukewar wuta baƙon abu ne. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50131 ta ce na'urar gida ta iya riƙe kanta awa 12 babu wuta, kuma cajarta ta mayar da batir kashi 80 cikin 100 a cikin awa 72. Awa 72 na wuta ba yankewa. Mu a unguwarmu sai a haɗa kwana goma sha biyu kafin a tara wannan, kuma a tsakani ana ta shan batirin. Ƙaramar cajar ba ta da laifi, aikin da aka yi ta dominsa take yi. Irin wannan batir kuma ba ya jure zama da yunwa. Idan ana sauke shi ƙasa da bolt 10.5 ana barinsa a haka, farantan cikinsa sukan yi wani farin gishiri da ba ya narkewa, sai ya daina ɗaukar caji. Nawa mai 18Ah da aka gwada shi, ko rabin ƙarfinsa ba ya riƙewa.

Gwajin ma darasi ne. Da aka ɗan yi masa caji aka sa mita, ya nuna bolt 12 da ɗoriya, na ce ai lafiyarsa ƙalau. Dattijon ya ɗauko ƙwan birkin mota mai wat 21 ya jona masa. Cikin 'yan mintuna lambar ta gangaro. Batir mara lafiya yana nuna ƙarfi idan babu kaya a kansa. Duk mai sayar maka da batir da ya ɗora mita kawai ya ce ka gani, ka ce ya jona ƙwai ku jira.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne raba na'urar da wutar layi kwata-kwata. Lissafin ya koma na yini guda cur: 0.4 sau awa 24, ya ba da 9.6. Muka ƙara abin da ke ɓacewa a hanya da ɗan abin da jiniya za ta sha idan ta tashi, muka ce 12 a rana. Ina son ya iya kwana biyu ko rana ba ta fito sosai ba, 24 ke nan. Kuma ba a son a sha fiye da rabin irin wannan batir, sai muka ninka, 48. Na sayi mai 50Ah. Sai farantin sola mai wat 100, wanda ke ba da sama da amfiya 5 idan rana ta buɗe, da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, a tsakaninsu. Awa huɗu na rana mai kyau sun biya bashin yini har da saura. Akwatina yana karɓar bolt 15 ne daga adafta, don haka aka sa ɗan abin da ke ɗaga 12 zuwa 15 aka shigar ta wannan ƙofa. Yanzu akwatin gani yake wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba, sabon ƙaramin batir mai 7Ah na zaune a cike a matsayin ajiya ta biyu. Ba kowane akwati ne ke karɓar haka ba, wasu sai ta taransifoma, don haka a duba takardarsa kafin a jona komai. An sa fis dab da kan babban batirin, an kuma ajiye shi a ƙasa cikin ɗakin da iska ke shiga, nesa da bangon kicin.

Na so a jona shi da inbata, dattijon ya hana. Ya ce ƙaramar inbata ko ba ta ɗauke da komai tana iya shan abin da ya kai na ƙararrawar gaba ɗaya, kuma ranar da yara suka jona talabijin a kanta, tsaron gida ya tafi. Layin ƙararrawa nata ne ita kaɗai, ko cajin waya ba a yi a kansa. Saƙon ɗaukewar wuta ya zauna a rufe, na raunin batir kuwa an buɗe shi, yana zuwa wayata da ta uwargida.

A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala Kano ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, kullum da asuba sai na tsaya gaban kwantirolar nan da tocila. Lambar da take nunawa ba ta taɓa sauka ƙasa da bolt 12.3 ba. Da hunturu ya shigo ƙura ta rufe farantin, na ga lambar ta fara ja baya, na hau da tsumma da ruwa na goge, ta dawo. Tun daga nan duk ranar Asabar nake hawa. Babur ɗin dai ba a gan shi ba har yau, layyar shekarar kuma da kuɗin aro na yi ta.