Daga Ingila zuwa mutanen Gombe: ku raba dabbobinku da fiya-fiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku daga Ingila, musamman mutanen Jekadafari inda na tashi.

'Yata ce ta matsa sai da muka ɗauki mage. Da na shiga shagon kayan dabbobi, sai ga wata 'yar kwalba, an rubuta cewa sabulun wankan kare ne na ganyen itace. Ina karanta bayanta na kwashe da dariya. Maina ce! Dogonyaron nan da muke share ganyensa a ƙofar gida muna ƙonawa, shi ake sayarwa da tsada.

Akwai abin da ya juyo da hankalin mutanen Ingila zuwa ga irin wannan sabulu. A 2020 masu bincike na Jami'ar Sussex sun gano cewa fipronil, maganin ƙuma da ake ɗiga wa karnuka da maguna a wuya, ya gurɓata kogunan Ingila, kuma guba ne ga ƙwarin ruwa da kifi ke ci. Nan take madatsar ruwan Dadin Kowa ta faɗo mini a rai. Mu da muke yayyafa wa kare fiya-fiya don kaska, ko mu shafe mai ƙazuwa da baƙin mai, ina muke zaton wannan ruwan yake zuwa in damina ta sauka? Kafin ma ya kai kwata, dabbar ta lashe rabinsa, yaro kuma ya taɓa ta ya sa hannu a baki.

Kakata ba ta san wannan ba. Toka mai sanyi take haɗawa da yashi ta zuba a lungu, kaji su yi ta birgima, ƙwarƙwata ta ragu. Ɗakin tantabaru kuwa shara da toka ne kawai, kashinsu ya tafi gona. Kare, a tafasa ganyen maina, ya huce, a yi masa wanka, a cire kaska da hannu, a shanya buhun da yake kwana a rana. Mage dai a bar ta da mataji mai ƙananan haƙora, don komai aka shafa mata sai ta lashe.

Sai dai kada wani ya ce tunda daga ƙasa ya fito ba ya cutarwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da mage, mu kuwa sauran miya muke juye musu. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe mage.

Haukan kare kuma babu ganyen da yake maganinsa. Allurar rigakafi ce ke hana shi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin ta. Mafarauta da masu karen gadi, ku kai su asibitin dabbobi duk shekara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

In wani zai taho nan, don Allah ya riƙo mini man kaɗe. Sanyi ya farfasa mini ƙafa.

Naku, ɗan Jekadafari